Magani Biyu a Kan Cuta Ɗaya: Sabon Salon Yaƙi da Sankarar Cikin Mahaifa

Da an ce sankarar mahaifa, hankalin mutane kan tafi ga ta bakin mahaifa. Amma akwai wata da ke tsirowa can ciki, a shimfiɗar da ke zubowa duk wata a matsayin jinin haila. A shekarar 2022 kaɗai, an gano ta a jikin mata kusan 420,000 a duniya. Idan aka tare ta da wuri, tiyatar cire mahaifa takan wadatar. Idan kuwa ta bazu ko ta dawo, an daɗe likitoci ba su da abin dogaro sai kimoterafi.

Wannan ne ya sa masu bincike suka koma ga dabarar hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Pembrolizumab na kamfanin Merck, wanda ake bayarwa ta ƙarin ruwa, yana kwance takunkumin da sankara ke ɗaura wa garkuwar jiki. Lenvatinib na kamfanin Eisai na Japan kuwa ƙwaya ce da ake haɗiya kullum, tana hana ƙullutun sankarar gina sababbin jijiyoyin jinin da zai ci ta cikinsu. A gwajin KEYNOTE-775, an ɗauki mata 827 da cutar ta ci gaba a jikinsu bayan kimoterafi. Rabin waɗanda aka haɗa wa magungunan biyu sun haura wata 18 a raye, alhali rabin waɗanda aka sake ba kimoterafi wata 11 suka kai. Hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta ba haɗin cikakken izini a 2021.

Sai dai haɗin yana da nasa nauyin, domin kusan biyu cikin kowace uku na matan sun sami hawan jini. Da aka gwada shi a matsayin maganin farko a gwajin LEAP-001, bai fi kimoterafi ba.

Gwajin RUBY na 2023 ya haɗa dostarlimab, wani magani mai aiki irin na pembrolizumab, da kimoterafi, ya kuma nuna cewa ƙullutu iri-iri ne. A nau'in da ake kira dMMR, wanda ƙwayoyinsa ba sa iya gyara kurakuran halittarsu, kashi 61 cikin ɗari na matan sun cika shekara biyu cutar ba ta motsa ba. A ɓangaren kimoterafi zalla, kashi 16 ne kacal. Saboda haka yanzu likita kan aika tsokar ƙullutun ɗakin gwaji kafin ya zaɓi magani.

Alamar farko ta wannan cuta galibi jini ne bayan mace ta daina haila gaba ɗaya. Duk macen da ta ga haka, ko da ɗigo ɗaya ne, ta je asibiti a duba ta.