Ƙaramar Kaza da Albasar Bawku

Duk macen da ke cefane a kasuwar Bawku ta san ƙaramar albasa iri biyu ce. Akwai jar albasar Bawku, wadda manoman rani na Binduri ke nomawa a bakin kogin Volta. Ita haka Allah ya yi ta, ba ta kai ta Galmi girma ba, amma ga yaji ga jure ajiya. Akwai kuma wadda ta tsumbure don ruwa ya yanke mata tun ba ta ƙosa ba. A faifai ɗaya ake kasa su, kuma mai talla ba zai ce maka ga wannan ga waccan ba. Uwargida dai takan ɗauka ta matsa, ta duba wuya da ɓawo.

Haka za ka yi in an miƙo maka 'yar mitsitsiyar kaza aka ce bantam ce, a biya kuɗin kazar ado. Juya ta ka shafa ƙirji. Wadda yunwa ko tsutsar ciki ta tsumburar, ƙashin ƙirjinta kamar wuƙa yake, zankonta ya koɗe, gashinta a hargitse. Bantam ta gaske kuwa, ko da ba ta cika kilo ɗaya ba, ƙirjinta cike yake, idonta tar, zakaranta yana cara yana neman faɗa da wanda ya ninka shi uku.

Sunan ya samo asali ne daga Bantam, wata tashar jiragen ruwa a tsibirin Jaba na Indunusiya, inda matuƙan Turai suka riƙa sayen ƙananan kaji na guzuri. Iri-iri ne, kuma kowace da shaidarta. Sebright, wadda Sir John Sebright ya haɗa irinta a Ingila a farkon ƙarni na 19, kowane gashi nata fari ne ko ruwan zinariya da baƙin zagaye a gefe, zakaranta ma ba shi da dogon gashin wutsiya, sai ka rantse kaza ce. Pekin ta ƙasar Sin dunƙulalliya ce, gashi har kan yatsu. Silkie gashinta kamar auduga, fatarta baƙa, yatsunta 5 inda sauran kaji ke da 4. Serama ta Malesiya ita ce autarsu, wata ko rabin kilo ba ta kai ba. Sai Chabo ta Japan, durgu ce, cikinta kusan yana jan ƙasa. A kanta akwai abin lura: in aka haɗa zakara durgu da kaza durgu na irinta, kusan ƙwai 1 cikin 4 ɗan tsakon yana mutuwa a cikin ɓawo. Mai kiwo sai ya ɗora laifin a kan zafi ko bakin mutane, alhali gado ne.

To, ƙwan fa? Na kazar gidan gona yakan kai giram 55 zuwa 60. Na yawancin bantam tsakanin 30 da 40 yake, na Serama ma bai kai haka ba. Mai shayi zai fasa 3 kafin ya sami abin da 2 na kiret ke ba shi. Sai dai raguwar ta fi yawa a farin. Gwaiduwa ba ta ragu sosai ba, shi ya sa wainarsa ta fi kauri da ɗanɗano. Yadda ƙwaya biyu ta jar albasa ke tashin miyar da babbar Galmi guda ke tasa, haka nan yake. Amma kada ka yanke hukunci da ƙwan farko. Budurwar kaza ko wace iri ce da ƙanana take farawa, sai ta ɗan kwana biyu tana yi sannan girmansa na gaskiya ya bayyana. Launin ɓawo kuwa kunne ke yawan tona shi: mai farin kunne galibi farin ƙwai take yi, mai jan kunne mai ruwan ƙasa.

Ni a ganina, a ƙasa irin Binduri inda zabi ke cike da gidaje, amfanin bantam a kwanci yake. Da damina zabuwa kan zuba ƙwai da yawa, amma ba a amince mata da reno ba, sai a kwasa a sa wa kaza. Ƙwan kaza kwana 21 yake ƙyanƙyashewa, na zabo sai 26 zuwa 28, don haka ana son mai haƙurin zama. Silkie da Pekin sun yi suna a nan, ko dutse ka sa musu sai su kwanta. Sebright kam ado ce zalla, ƙwanta kaɗan, kwanci kuma ba ya damunta. A rage yawan abin da za a sa wa ƙaramar kaza, don na gefe da fiffikenta bai rufe ba sanyi zai kama shi ya lalace. Kuma mai gashin ƙafa a tsare ta a akurki mai bushewa a watan Agusta, taɓo kan dunƙule mata a yatsu. Silkie ba ta iya tashi sama, tukkun kanta kuma yana tare mata gani, in aka sake ta a fili shirwa za ta riga ka cin moriyarta.