The Beginner's Guide

The Beginner's Guide wasan kwamfuta ne na ba da labari wanda Davey Wreden, mai wasan The Stanley Parable, ya fitar a ranar 1 ga Oktoba, 2015. Ana kammala shi cikin kimanin awa ɗaya da rabi.

Labari

Wreden da muryarsa yake zagayawa da mai wasa cikin ƙananan wasannin da ya ce abokinsa Coda ya ƙirƙira tsakanin 2008 da 2011. Daga ƙarshe sai ta bayyana cewa ya yi wa wasannin gyare-gyare, ya kuma nuna wa mutane ba da izinin Coda ba, abin da ya raba su.

Ra'ayoyin masu wasa

Ra'ayi ya rabu. Wasu sun yaba yadda wasan ya nuna kaɗaici da yunwar yabo da ke damun masu ƙirƙira. Wasu sun ce gajere ne, kuma kallo da saurare sun fi wasa yawa. Muhawara mafi zafi ita ce ko Coda mutum ne na gaske: idan haka ne, an sayar da aikinsa ba da yardarsa ba. Galibin masu sharhi sun ɗauke shi a matsayin ƙagaggen mutum.