Damuwa, Taurin Jijiyoyin Jini da Hular Ƙoda

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya zauna a Nima ko Maamobi ko Kokomlemle, a birnin Accra da tsofaffin Hausawan Zango ke kira Ankara, ba zai rasa jin an ce "tunani ne ya sa masa hawan jini" ba. Akan faɗi haka idan magidanci ya yanke jiki ya faɗi a bakin shagonsa, ko aka wayi gari ɓarin jikin wata dattijuwa ya shanye. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, sai dai akwai wani tsani tsakanin tunani da jini wanda ba a cika ambatonsa ba. Wannan takarda za ta yi bayanin wannan tsani, wato wasu ƙananan halittu guda biyu da ke zaune a kan ƙoda, da yadda doguwar damuwa da taurin jijiyoyin jini ke hana su hutu.

Kafin nan sai mun daidaita kalmomi. Likitoci na kiran waɗannan halittu adirenal, kalmar da aka ƙera daga Latin, ma'anarta "kusa da ƙoda". A nan za mu kira su hular ƙoda, domin kowace ɗaya tana zaune ne a kan ƙoda kamar hula a kai. Sa'an nan ɗalibi ya lura da kalmar jijiya. Bahaushe da ita yake kiran hanyar jini, da ita yake kiran igiyar da ke kai saƙo daga ƙwaƙwalwa, da ita kuma yake kiran abin da ke gagarar haƙori a cikin nama. Duk inda muka ce jijiyar jini a wannan takarda, muna nufin wadda ke ɗauko jini daga zuciya zuwa sassan jiki.

2.0 Hular ƙoda da aikinta

Nauyin kowace hula bai wuce giram 4 zuwa 5 ba, kuma a cikin kitse take lulluɓe, shi ya sa aka daɗe ba a kula da ita ba. Wani masani ɗan Italiya, Bartolomeo Eustachi, shi ya fara bayaninta a ƙarni na 16, amma sai a 1855 Thomas Addison, likita a asibitin Guy's na Landan, ya nuna cewa idan ta lalace mutum zai rame, fatarsa ta yi duhu, ƙarfinsa ya ƙare, daga nan sai mutuwa.

Sassa biyu gare ta, tsakiya da ɓawo. Tsakiyar ita ke fitar da adirenalin. A ce mutum yana tsallaka titi a Kwame Nkrumah Circle, sai ga trotro ta taso masa. Kafin ya gama tunani zuciyarsa ta ƙara gudu, jijiyoyin fata da na ciki sun tsuke, jini ya koma ga tsokar ƙafafu, ya yi tsalle. Wannan aikin adirenalin ne, kuma Walter Cannon na Jami'ar Harvard ya bayyana shi a 1915 a matsayin shirin da jiki ke yi na faɗa ko gudu. Bayan 'yan mintoci komai ya lafa.

Ɓawon kuwa yana fitar da sinadarai da dama, biyu daga ciki su ne suka shafe mu. Na farko kotizol, wanda ke ƙara sukari a jini, yana danne kumburi, yana kuma riƙe ƙarfin bugun jini. Ƙwaƙwalwa ce ke ba da umarnin fitar da shi, kuma yana da tsarin lokaci: yakan yi yawa da asuba, ya yi ta raguwa har ya kai ƙasa da tsakar dare. Na biyu aldosteron, wanda ke umartar ƙoda ta riƙe gishiri da ruwa. Shi wannan daga ƙoda yake karɓar yawancin umarninsa. A riƙe wannan, za mu komo kansa.

3.0 Idan damuwa ta ƙi ƙarewa

A 1936 Hans Selye, wanda ke aiki a Jami'ar McGill ta Kanada, ya buga sakamakon gwajin da ya yi da ɓeraye. Ya wahalar da su ta hanyoyi daban-daban, wasu da tsananin sanyi, wasu da rauni, wasu da gudun dole. Ko wace irin wahala ce, da ya buɗe cikinsu abu ɗaya ya riƙa gani: ɓawon hular ƙoda ya ƙara girma, halittun garkuwar jiki sun motse, ga kuma gyambo a ciki. Daga baya an ga irin wannan ƙarin girma a hoton jikin mutanen da ke fama da matsananciyar cutar damuwa, an kuma ga ya ragu bayan sun sami sauƙi. Ke nan hular ƙoda kamar dantsen maƙeri take, yawan aiki girma yake sa ta.

Tsoron trotro na minti biyu ne. Amma magidancin da mai gida ya nemi ya biya kuɗin hayar shekara biyu a dunƙule, alhali dokar haya ta Gana ta 1963 ba ta yarda a karɓi fiye da na wata shida ba, tasa damuwar da ita yake kwana, da ita yake tashi. Haka mai gadin da ke raba dare a Airport Residential ya dawo Nima da safe ya nemi barci cikin hayaniyar gidan haya, haka 'yar dakon da ake kira kayayoo (rabin sunan nan Hausa ne, wato kaya). Haka kuma wanda ya ga ambaliya da gobarar gidan mai da suka ci rayuka fiye da 150 a Circle ranar 3 ga Yuni, 2015, wanda har yau gabansa ke faɗuwa idan hadari ya haɗo. A jikin irin waɗannan mutane tsarin kotizol yakan hargitse, ya ƙi sauka da dare yadda ya kamata, adirenalin kuma ya riƙa fita a kai a kai.

Abin da yawan kotizol ke yi ya fi fitowa fili a cutar da Harvey Cushing ya bayyana a 1932, inda jiki ke fitar da shi fiye da kima: teɓa, kumburin fuska, ciwon sukari, hawan jini. Damuwar yau da kullum ba ta kai mutum nan, amma ta wannan hanya take tura shi sannu a hankali. Binciken INTERHEART da aka buga a 2004, wanda ya haɗa ƙasashe 52, ya sa damuwa cikin jerin abubuwan da ke tare da bugun zuciya. Binciken RODAM kuma, da aka yi tsakanin 2012 da 2015, ya gwama mutanen Gana na ƙauye da na birni da waɗanda ke Amsterdam da Berlin da Landan, ya tarar hawan jini ya fi ƙaranci a ƙauye. Ba damuwa kaɗai ta kawo wannan bambanci ba, akwai ƙiba da abinci da rashin motsa jiki, amma da wuya a raba ta da su.

4.0 Taurin jijiya, da yadda ƙoda ke shiga tsakani

Lafiyayyar jijiyar jini kamar sabon tiyo take, tana buɗewa idan zuciya ta harbo jini, ta koma. Shekaru da hawan jini da taba da sukari suna sa bangonta ya yi kauri ya ƙandare. Ban da haka, kitse yakan taru a cikin bangon, ya yi ɓawo, hanya ta ƙuntata, kamar yadda shara ke cinye babbar kwatar Nima har ruwa ya rasa wurin bi.

Mai karatu zai yi zaton taurin jijiya yana cutar da hular ƙoda ne ta hanyar hana ta jini. Hakan ba ya cika faruwa, domin ta hanyoyi uku jini ke zuwa mata, idan ɗaya ta ƙuntata sauran za su ciyar da ita. Ta wajen maƙwabciya matsalar ke ɓullowa. A 1934 Harry Goldblatt, a birnin Cleveland na Amurka, ya matse jijiyar da ke kai jini ƙodar karnuka, sai jininsu ya hau, ya kuma zauna a sama. Dalili shi ne, ƙoda tana auna ƙarfin jinin da ke iso mata. Idan jijiyarta ta ƙuntata, sai ta ɗauka jinin jiki ne ya ragu, kamar an yi rauni. Nan take ta saki wani sinadari, renin, wanda ke jawo samuwar anjiyotensin. Shi kuma ya tsuke jijiyoyi, ya umarci hular ƙoda ta ƙara aldosteron. Gishiri da ruwa su taru, jini ya ƙara hawa, jijiyoyi su ƙara tauri, ƙoda ta ƙara kuka. Ga shi hular ƙoda ta sami iyayen gida biyu, ƙwaƙwalwa na neman kotizol daga sama, ƙoda na neman aldosteron daga ƙasa.

Gaskiya ne masu hawan jinin da ƙuntatar jijiyar ƙoda ta jawo musu shi kaɗan ne. Wanda ya fi shi yawa, kuma aka fi sakaci da shi, shi ne wanda Jerome Conn na Jami'ar Michigan ya bayyana a 1955, inda hular da kanta ke fitar da aldosteron ba da umarnin kowa ba. Ana ƙiyasta kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari na masu hawan jini wannan ne ke damun su. Alamarsa ita ce jinin da ya ƙi sauka ko da an haɗa magani iri uku, wani lokaci da ƙarancin fotasiyam a jini. Yana da magani na musamman, wani ma tiyata ke raba shi da shi, saboda haka mai irin wannan hali ya cancanci a tura shi babban asibiti kamar Korle Bu a yi masa gwaji.

Aldosteron ba ya ɓarna sosai sai ya sami gishiri. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babban mutum ya wuce giram 5 a yini, wato ƙasa da ƙaramin cokali ɗaya. Mai cin waakye da shito da safe, da rana miyar da aka sa wa koobi ko momoni da dunƙule biyu, ya lissafa da kansa.

5.0 Batun "gajiyar hular ƙoda"

Tun ƙarshen shekarun 1990 ake yaɗa wata magana daga Amurka, wai damuwa tana gajiyar da hular ƙoda har ta kasa aiki, sai a sayar wa mutum ƙwayoyin farfaɗo da ita. Wasu likitoci biyu 'yan Birazil, Cadegiani da Kater, sun tattara binciken da aka yi a kan haka a 2016, ba su sami hujja ba, kuma ƙungiyar likitocin wannan fanni ta Amurka ba ta amince da cewa akwai cutar ba. Mai yawan kasala ya fi kyau a duba masa jini da sukari da barcinsa.

Akwai dai abin da ke kwantar da hular ƙoda da gaske, kuma a kasuwa ake samun sa. Wasu mayukan bilicin suna ɗauke da sinadarai 'yan uwan kotizol masu ƙarfi, irin su kulobetasol, haka ma ƙwayar dekzametazon da wasu ke sha don ƙiba ko ciwon gaɓoɓi ba tare da takardar likita ba. Idan aka daɗe a kansu, ƙwaƙwalwa takan ga kotizol ya wadata, ta daina aika umarni, ɓawon hular ya motse. Ranar da aka daina kwatsam, ko zazzaɓi mai zafi ya zo, ko haihuwa, ko tiyata, jiki zai nemi kotizol ya rasa: amai, jiri, faɗuwar jini, har a kai ga rasa rai. Don haka wanda ya yi makonni yana amfani da su kada ya yanke rana ɗaya. Ya ɗauki kwalin ko kwalbar ya je asibitin Maamobi ko wanda ya fi kusa da shi, ya nuna wa likita, a tsara masa yadda zai riƙa ragewa, a kuma auna masa jini a wannan zuwan.