TAURA BIYU BA TA TAUNUWA

Kowace rana idan an kaɗa ƙararrawar hutun rana, mukan ga ɗalibai iri biyu a ɗakin kwana. Wasu sukan kwanta su yi shiru, wasu kuwa sukan ɓoye littafi a ƙarƙashin bargo, wai kada lokaci ya wuce su. Abin mamaki shi ne, da dare a wajen karatu, masu ɓoye littafin nan su ne ke gyangyaɗi a kan tebur. Ba su huta da rana ba, ba su kuma karanta da dare ba. To, ina ribar?

Sau da yawa mukan ɗauka cewa zama shiru lalaci ne. Amma manomi ya san ba haka ba ne. Gonar da aka bar ta saura ba ta mutu ba, ƙarfi take tarawa. Haka ƙwaƙwalwa take. Nauyinta bai wuce kashi 2 cikin 100 na nauyin jiki ba, amma tana cin kusan kashi 20 cikin 100 na ƙarfin da jiki ke amfani da shi, kuma ba ta daina aiki don mun rufe littafi.

Masana sun gwada wannan. A shekarar 1924, Jenkins da Dallenbach na Jami'ar Cornell a Amurka sun ba ɗalibai biyu waɗansu gaɓoɓin kalmomi marasa ma'ana su haddace. Duk lokacin da ɗaliban suka yi barci bayan haddar, sai su tuna fiye da lokacin da suka zauna a farke suna harkokinsu. A shekarar 2012 kuma, Michaela Dewar da abokan aikinta a Birtaniya sun karanta wa waɗansu dattawa gajerun labarai. Bayan labari ɗaya aka bar su minti 10 a ɗaki mai duhu, ido rufe. Bayan ɗayan kuwa aka ba su wasan duba hotuna. Da aka tambaye su bayan kwana 7, labarin da hutu ya biyo bayansa shi suka fi riƙewa. Ashe sabon ilimi kamar ɗanyen siminti ne, yana bukatar a ƙyale shi ya kama kafin a taka.

Amma kada malalaci ya yi murna tukuna. Hutu ba ya amfanar wanda bai zuba kome a kansa ba. A shekarar 1993, Anders Ericsson da abokansa sun bincika ɗaliban wata makarantar kiɗa a birnin Balin na ƙasar Jamus, masu koyon goge irin na Turawa. Waɗanda suka fi gwaninta sukan yi kimanin awa 3 da rabi a rana suna gwaji su kaɗai, hankalinsu duka a kan abu ɗaya, suna tsayawa su huta a tsakani. Sun kuma fi na baya yin barcin rana. Wato sun yi aiki sosai, sun kuma huta sosai.

Saboda haka aiki da hutu ba abokan gāba ba ne. Abokin gābanmu shi ne rabuwar hankali: littafi a buɗe, ido a taga, kunne a wajen hira, hannu a kan wayar hannu. Wannan ba karatu ba ne, ba kuwa hutu ba ne. Mai yin haka yakan tashi a gajiye da kai wofi, ran jarrabawa kuma ya ce ai ya yi awa 3 yana karatu.

Me za mu yi ke nan? Da fari, in lokacin karatu ya yi, mu zaɓi darasi ɗaya, mu kawar da duk abin da zai ja hankalinmu. Na biyu, in mun gama, mu rufe littafi mu zauna shiru na 'yan mintoci kafin mu shiga hira ko mu ɗauki waya. Na uku, kada mu sayar da barcin dare don haddar kwana ɗaya. Iyaye kuma, in kun ga yaro ya zauna shiru a inuwa bayan karatu, kada ku yi saurin kiransa malalaci.

Wannan ba sabon abu ba ne a gare mu. Ubangiji ya keɓe rana ɗaya cikin bakwai domin hutu, Yesu kansa yakan janye daga taro ya tafi wurin da ba kowa. 'Yan'uwa ɗalibai, in an kaɗa ƙararrawar karatu mu karanta da zuciya ɗaya, in an kaɗa ta hutu mu huta da zuciya ɗaya. Allah ya ba mu nasara.