Jinginar Gona: Bashi Ya Hau Ƙasa, Mallaka Ta Zauna Hannun Mai Ita

A ƙauyukan Bazaga, kamar sauran ƙasar Ƙonni da Malbaza da Illela a jihar Tawa ta Nijar, gona ce babbar ajiyar talaka. In rumbu ya ƙare tun kafin bazara, ko ciwo ya kwantar da wani a gida, ko aure ya matso, magidanci kan nufi mai hali ya karɓi kuɗi, ya ba da gonarsa jingina. Daga ranar mai kuɗi ne zai shuka, shi zai girbe, sai ran da aka mayar masa da kuɗinsa cif. Galibi ba a yanke wa'adi, hatsin da ya kwasa kuma ba ya rage ko dala daga bashin. Wannan al'ada ta cuɗa abu biyu da ya kamata a raba: haƙƙin mai bin bashi na a biya shi, da mallakar gona tare da amfaninta. Na farko nasa ne, na biyun kuwa na mai gona ne.

A ce manomi ya karɓi jika 200 a kan gonar da ke ba da dami 40. In an dace da damina biyar a jere, mai kuɗi ya kai dami 200 rumbunsa, kuma ko an cire masa wahalar noma, ya daɗe da cin abin da ya fi kuɗinsa. Bashin kuwa yana nan bai motsa ba. Mai gona ya koma ƙwadago ko ya tafi cirani Sakkwato, domin an raba shi da hanyar da zai bi ya biya. Shekaru na tafiya, shaidu na rasuwa, sai magada su gurfana gaban maigari, waɗannan su ce jingina ce, waɗancan su rantse saye ne.

Masana shari'a sun daɗe da wannan muhawara. A Amurka jihohi sun kasu. A wasu, kamar Massachusetts, doka na ɗaukar mai ba da rance a matsayin mai riƙe da mallakar gida a takarda har a gama biya. A wasu, kamar New York da Florida, mallaka tana hannun mai cin bashi tun ranar farko, mai rance kuwa haƙƙi kawai ake rubuta masa a kan gidan a rajistar hukuma. Haƙƙin kamar shaidar da ake yi wa saniya da wuta ne, duk kasuwar da aka kai ta yana jikinta. Mai gida na iya zama ciki, ya ba da haya, har ya sayar, amma bashin na bin gidan. In biya ya gagara, sai mai rance ya je kotu, a yi gwanjo, ya ɗauki nasa, ragowar ta koma ga mai gida.

Nijar ma a kan wannan tafarki na biyu dokarta take. Tana cikin ƙasashe 17 na ƙungiyar OHADA, wadda ta kafa dokar lamunin bashi a 1997, ta sabunta ta a Lome ranar 15 ga Disamba 2010. A ƙarƙashinta, wanda ya jinginar da gida ko fili ga banki ba ya fita daga ciki. Abu biyu bankin ke samu: ikon bin dukiyar ko hannun wa ta koma, da fifikon a biya shi kafin sauran masu bin bashi, gwargwadon ranar da aka rubuta haƙƙinsa. Ko a inda dokar ta yarda dukiyar ta koma hannunsa, sai ƙwararre ya yi mata kima, in ta fi bashin ya biya rarar.

Mai cewa wannan dabarar Nasara ce ya duba fiƙihun Malikiyya da ake karantawa a zaurukanmu. Rahanu halal ne, Suratul Baƙara ta ambace shi, amma malamai sun tabbatar cewa abin jingina ba ya zama na mai riƙe da shi don kawai wa'adi ya wuce, kuma amfanin da ya fitar na mai shi ne. In bashin rance ne, sharaɗin cewa mai rance zai ci moriyar jinginar hanyar riba ce. Gaskiya ne Malikiyya na neman jingina ta fita daga hannun mai ita kafin ta cika, sai dai sun halatta a danƙa ta ga amintaccen mutum na uku. Manufar ita ce jama'a su san dukiyar na ɗauke da bashi, aikin da rajista ke yi a yau. Batun kuɗin ruwan banki daban ne, domin ana iya rubuta jingina a kan bashin taki ko injin ban ruwa da aka saya ajali.

Mai kuɗi zai tambaya: in ban noma gonar ba, me na riƙe? Tambayarsa a kan hanya take. Amsar ita ce wa'adi tsayayye, da takarda, da tabbacin gonar ba za ta sayu ba sai an sallame shi. In kuma yana son ya noma, a yi hayar a fili, a ƙiyasta ta, a riƙa cire ta daga bashin kowace kaka. Manomi ma na da nasa tsoron, cewa jinginar gargajiya ba ta mutuwa, jika na iya fansar gonar kakansa, alhali gwanjo in ya faɗa ya faɗa. Tsoron gaskiya ne, kuma shi ya sa sayarwa ba za ta halatta ba sai da sanarwa da jinkiri da hukuncin alƙali. Amma damar fansa ba ta da amfani ga gidan da aka raba da abincinsa shekara 20.

Babban cikas shi ne dokar OHADA, a asalinta, filin da aka yi wa rajista kaɗai take karɓa, gonakin karkara kuwa mafi yawansu gado ne ba takarda. Mai albasa a Galmi da ke neman kuɗin iri da taki da man inji ba shi da abin nuna wa banki, dole ya koma ga jinginar da ke cinye shi. To amma harsashi yana nan. Dokar ƙasar noma ta 2 ga Maris 1993 ta ba mallakar gargajiya kariya daidai da ta takarda, ta kuma share hanyar hukumomin filaye da ake kira Kofo, waɗanda yanzu suka kai matakin gunduma da ƙaramar hukuma da ƙauye. Kofon ƙauye, ƙarƙashin maigari, na iya rubuta takardar mallaka da ta jingina. Abin da ya rage shi ne kowace takardar jingina ta faɗi yawan kuɗi, da wa'adi, da wanda zai noma, da abin da za a cire duk shekara, a ajiye kwafinta a ofishin ƙaramar hukuma inda mai saye zai duba. Hukuma kuma ta sauƙaƙa mayar da takardar Kofo cikakkiyar rajista. Sarakuna da limamai da masu hali na Bazaga na iya fara wannan tun jinginar baɗi, ba tare da jiran wata sabuwar doka daga Yamai ba.