Kamino de Santiyago: Yadda Ake Raba Kwanaki Tsakanin Tafiya da Kallon Gari

A arewacin Sifaniya akwai wata tsohuwar hanya da Kiristoci ke bi a ƙafa fiye da shekara dubu, zuwa birnin Santiyago de Kompostela, inda suka yi imani an binne Yakubu, ɗaya daga cikin almajiran Annabi Isa. Sunanta Kamino de Santiyago. Reshenta mafi shahara yana tashi daga wani ƙaramin gari a kudancin Faransa, Saint-Jean-Pied-de-Port, ya haye duwatsun Pirenis, ya miƙe yamma kusan kilomita 780. Yanzu ba masu ziyarar ibada kaɗai ke bin ta ba, har da masu son tarihi da masu neman natsuwa. A shekarar 2023 fiye da mutum 400,000 suka karɓi takardar shaidar kammala tafiyar.

Doguwar tafiyar ibada a ƙafa ba baƙon labari ba ce ga Bahaushe. Kakanninmu sun je Makka ta Borno da Wadai da Darfur, in guzuri ya ƙare su yada zango, su yi noman damina guda, sannan su ci gaba. Sai dai su ba su riƙe da tikitin jirgi mai ranar komawa. Matafiyin yau yana riƙe da shi, kuma daga nan damuwarsa take farawa.

Lissafin a takarda mai sauƙi ne. Mai lafiya yana cin kilomita 20 zuwa 25 a yini, wato kimanin kwana 31 zuwa 39. Kuskuren da ake yawan yi shi ne mutum ya yanke hutunsa daidai da wannan adadi, ba ya barin ko kwana guda na ko-ta-kwana. Alhali ranar farko kaɗai, daga Saint-Jean zuwa Roncesvalles, kimanin kilomita 25 ce, da hawan dutse fiye da mita 1,200. Kafin a yi mako, ƙafa ta fara bororo, gwiwa ta fara magana. Wanda ba shi da rarar kwanaki sai ya dinga ɗingishi yana bin jadawali, ya ratsa garuruwa masu tarihi idonsa na kan takalminsa. A ganina, duk wanda zai yi tafiyar baki ɗaya ya ƙara kwana huɗu ko biyar a kan lissafinsa tun kafin ya sayi tikiti.

Abu na biyu, agogon hanyar ba a hannun matafiyi yake ba, yana hannun masaukai. Ana kiransu alberge, ɗakuna ne masu gadaje hawa biyu a farashi mai rahusa. Yawancin na hukuma wanda ya riga zuwa shi ke samun gado, ana rufe ƙofa wajen ƙarfe goma na dare, kuma kafin takwas na safe kowa ya fice. Saboda haka mutane ke sammako, su isa zango wajen ƙarfe ɗaya ko biyu na rana. To, a daidai lokacin ne kantuna da majami'u da yawa a Sifaniya ke rufewa don hutun rana, sai wajen biyar su buɗe. Mutum ya yi wanka, ya wanke safarsa, ya ɗan runtsa, abin da ya rage masa na kallon gari bai fi awa biyu ba. In kuma ranar Litinin ce, gidajen tarihi da yawa a kulle suke.

Dabarar da ta fi aiki ita ce gajarta zangon da ke gaban babban birni. A kwana a ƙauye kilomita goma kafin birnin, a shiga da hantsi, yini ya zama naka ba tare da ka rasa ranar tafiya ba. Mai son hutun cikakken yini kuwa ya tanadi kuɗin ƙaramin otal, domin alberge na hukuma kwana ɗaya suke bari, sai fa marar lafiya.

Ba kowane gari ya cancanci kwana biyu ba. Burgos da Leon sun cancanta. Babbar majami'ar Burgos an aza harsashinta a 1221, kuma a gabas da birnin, kan hanyar kanta, akwai Atapuerca, inda aka haƙo ƙasusuwan mutanen da suka rayu fiye da shekara 800,000 da suka wuce. Babbar majami'ar Leon kuwa gilasanta masu launi ake zuwa gani, kuma suna son hasken rana, ba kallon magariba ba. Pamplona tana zuwa da wuri, a kwana na uku, lokacin da jiki bai nemi hutu ba tukuna. Kuma daga 6 zuwa 14 ga Yuli ana bikin tseren bijimai a garin, masauki yana yin tsada ƙwarai.

Tsakanin Burgos da Leon akwai Meseta, fili fetal na gonakin alkama, kimanin kilomita 180, inuwa kaɗan. Da yawa suna hawa bas a nan don su ceto mako guda. Ban ga laifin wanda hutunsa gajere ne ba. Amma ina jin takaici in na ji an ce babu abin gani a wurin, domin nan ne mutum ke samun sarari ya yi shiru da tunaninsa, kuma wannan na cikin abin da ya fito nema.

Inda bas ba shi da wuri shi ne ƙarshen tafiya. Takardar shaida ana ba wanda ya taka aƙalla kilomita 100 a ƙafa, ko 200 a keke, ya ƙare a Santiyago, kuma ana buga masa hatimi biyu a kullum a ɗan littafin matafiya. Shi ya sa jama'a ke cika a Sarria, mai nisan kimanin kilomita 115 daga Santiyago, har gado ya yi wuya a lokacin zafi.

Santiyago ita ma a bar mata kwana guda. Akwai layin karɓar takarda, akwai ibadar matafiya da tsakar rana, ga bankwana da abokan hanya. Wanda rarar kwanakinsa ba ta ƙare ba yana iya ƙarasawa Finisterre a bakin Tekun Atlantika, kimanin kilomita 90, tafiyar kwana uku ko huɗu.