Daga Bande zuwa Kano: ɗalibi tsakanin aji da hanya

Wanda ya tashi daga Bande zai je Yamai, sai ya haura Damagaram tukuna, sannan ya kama hanyar kilomita wajen 900. Wanda kuwa ya nufi Kano, ya bi ta Magarya da Tinkim, ya ƙetara iyaka a Babban Mutum, ya ratsa Babura, bai cika kilomita 200 ba ya iso. Wannan lissafi shi ne ya daɗe yana jan ƴaƴan gundumomin Magarya da Dungas zuwa jami'o'in arewacin Najeriya, kamar ta Bayero a Kano da ta Ahmadu Bello a Zariya, musamman a shekarun 1990, lokacin da yajin aiki da shekarun da ba a yi jarrabawa ba suka addabi jami'ar Yamai. Buɗe jami'a a Damagaram, wadda aka kafa a 2010, ya rage tafiyar, amma bai tsayar da ita ba.

A takarda, karatun ƙasar waje ne. A kunne kuwa gida ne, domin Hausar kasuwar Magarya ita ce ta Kurmi. Wahalar tana cikin aji. Yaron da ya yi lise da Faransanci har ya sami bak, ga shi zaune gaban malami mai zuba Ingilishi, ga littattafai da Ingilishi, ga jarrabawa da Ingilishi. Shekarar farko kan tafi ne a kokawa da harshe. Tsarin ma daban yake. Shekara zango biyu ce, ana tara kashi 30 ko 40 na maki daga gwaje-gwajen cikin zango, saura a jarrabawar ƙarshe. Ƙa'idar da aka saba da ita kuma ita ce, sai ɗalibi ya halarci kashi 75 cikin ɗari na darussa kafin a bar shi ya zauna jarrabawa. Wanda ya faɗi darasi ɗaya zai ɗauko shi a ka zuwa shekara ta gaba.

Duk da haka, saurayin da ya girma tsakanin tuddan rairayi da fadamun rake na Bande ba ya zama a Kano shekara huɗu bai ɗaga kai ba. Da yammacin Asabar ana hawa dutsen Dala, a hango birni har Goron Dutse. Ana leƙa Gidan Makama da marinar Ƙofar Mata. In Salla ta riske shi a can, ga hawan Daushe. Masu ɗan hali kan haɗa kuɗi su ɗauki mota zuwa madatsar ruwa ta Tiga, ko su yi nisa har Yankari a jahar Bauci, inda giwaye suke, inda kuma ruwan Wikki ke fitowa da ɗuminsa na digiri 31 rani da damina. Na Zariya suna da dutsen Kufena. Mai komawa gida kuma, in ya so, ya karkata ta Daura ya ga rijiyar Kusugu, wadda ya sha jin labarinta tun yana ƙarami.

Iyaye da yawa, in suka ji irin wannan, sai ransu ya ɓaci: an tura yaro karatu, ya koma yawon buɗe ido. Zargin nan bai yi daidai ba. Hawan Dala sa'a biyu ne, Yankari kwana biyu ne a hutun zango, kuma Bahaushe da kansa ya ce tafiya mabuɗin ilimi. Wanda ke karatun aikin gona ya ga yadda ruwan Tiga ke shayar da gonakin shinkafa da tumatir na Kura da Kadawa, ai ya ga abin da zai amfani fadamun Korama. Abin da ya kamata a yi wa tsoro a nan shi ne hanya. Dajin Falgore ya yi ƙaurin suna da ƴan fashi, harin da aka kai wa jirgin ƙasa tsakanin Abuja da Kaduna ranar 28 ga Maris 2022 kuwa ya isa gargaɗi ga mai son nisa.

Tafiyar da ke cin karatu wata ce daban, kuma sau da yawa daga gida take fitowa. Tun da Kano kusa take, ɗalibi ya zama ɗan aike. Baba na son dilar atamfa daga Kantin Kwari, kawu na jiran kayan gyaran mota, maƙwabci ya kawo mara lafiya asibitin Malam Aminu Kano yana neman mai yi masa jagora. Ga suna, ga ɗaurin aure, ga ta'aziyya, ga ranar Alhamis ta kasuwar Maigatari ga mutanen Dungas masu dabbobi. Yaro mai kunya ba ya ce wa babba a'a. Kowane aike kuwa kwana biyu ne ko uku, in an haɗa da jiran mota ta cika da tsaye-tsayen duwan da jandarma. Aike biyar a zango ɗaya sun isa su sauko da shi ƙasa da kashi 75 ɗin nan, ko su sa gwaji ya wuce shi yana Tinkim. Ɗan ma'aikaci da ke karatu a Dakar ko Rabat ba ya da wannan matsala, don nisa ya kare shi.

Akwai kuma tafiyar da ba wanda ya zaɓa. Ƙungiyar malaman jami'o'in Najeriya, ASUU, ta yi yajin aiki na wata tara a 2020, ta sake yin na wata takwas daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba 2022. Wannan na biyun ya haɗiye damina sukutum, ɗalibai suka dawo suka yi shuka da noma da girbin gero. Da aka koma aji sai aka matse zanguna, aka gajarta hutu, lokacin yawon ma ya tafi. Iyaka ita ma ba ta da tabbas. Najeriya ta rufe ta daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, aka sake rufe ta bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, ba a buɗe ba sai a Maris 2024. A watannin nan, tafiyar wuni ɗaya ta koma ta babur a hanyoyin daji, da kuɗi ninki-ninki.

Kuɗin ma yana juyawa. A Janairu 1994, da aka karya darajar sefa da rabi, iyaye sun ji jiki. Bayan da aka saki naira a Yuni 2023 abin ya koma wa mai riƙe da sefa, har jika guda ta haura naira 2,000 a 2024, sai dai tsadar abinci da ta mota a Kano, bayan janye tallafin man fetur, ta lashe mafi yawan ribar. Ranar 29 ga Janairu 2025 Nijar ta fita daga CEDEAO, wadda yarjejeniyarta ta 1979 ce ta ba ɗalibin Bande damar shiga Najeriya ba tare da biza ba. A ranar, ƙungiyar ta ce za a ci gaba da karɓar takardun shaidar ƴan Nijar, da barin su shige da fice, har sai an sanar da wani abu daban.